Makame Ya Kwanta a Gaban Teku

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma, da mai shela da waɗanda ake yi wa shelar. Ranar Talata, huɗu ga watan Rajab, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Makame Kombo, mai shelar garinmu na Mkandani, bayan ciwon ƙirji da ya daɗe yana fama da shi. Labarin ya bi gari a hankali, daga baki zuwa baki, domin wanda ya saba busa ƙaho ya faɗa mana shi ne a kwance.

Makame, tun kanmu yana baƙi kake wannan aiki. Taron gari, ɗaurin aure, allurar yara, kwalekwalen da bai dawo ba, duk daga bakinka muke ji. Amma ba ka taɓa bari wani ya ji mutuwar nasa daga ƙaho ba. Sai ka rataye shi a ƙofar gidan, ka shiga ka zauna, ka faɗa da ƙaramar murya, sannan ka fito ka sanar da gari. Ranar da mai ɗakina ta rasu a asibitin birni, ƙahonka na fara gani a jikin mangwaron ƙofata ina dawowa daga kamun kifi, na kuwa gane. Ba ka tashi daga tabarmata ba sai da na sha ruwa.

Kai ne kuma, da aka tarar da akuyar wata tsohuwa a tukunyar maƙwabcinta, ka yi shela cewa an ga akuya, a daina nema. Ba ka kama suna ba, ka dai sa mutumin ya saya mata wata.

Sai dai a 'yan shekarun nan ka yi wa shelarka wutsiya. Ko me aka aike ka, in ka gama sai ka ƙara: "Kuma teku ta matso." Har mai gari Faki ya tare ka a gaban masallaci ya ce, "Makame, shelar biki na aike ka, ba ta teku ba."

Ka ce, "Ranka ya daɗe, ita ma tana tafe. Ba ta jiran a gayyace ta."

Aka yi dariya. Yara suka laƙaba maka suna Kuma-Teku.

Kowa ya san abin da kake nufi. Tudun yashin da ya raba tsohuwar maƙabarta da ruwa shi masu amalanken shanu suke ɗiba kullum, suna kai wa masu gina masaukan baƙi. Kifi ya yi ƙaranci, yashi kuwa ba ya gudu. Bara da ruwa ya yi babbar cika, ya tumɓuke itatuwan kwakwar bakin gaɓa, ya buɗe layin farko na kaburbura. A tabarmi muka tattara kakanninmu. Majalisar gari ta zauna a kan maganar, aka sha gahawa, ba a hana ɗibar yashi ba, sai aka yanke cewa a buɗe sabuwar maƙabarta a kan tudu. Aka watse da fara'a, kai ka ce an kori teku.

Cikin masu amalanken nan akwai Pandu, babban ɗanka.

Na zo maka da dara ana saura 'yan kwanaki ka cika, ko za ka yi mini maguɗin da ka saba. Na tarar da liman da Pandu. Ka ture darar ka ce, "Jecha, zauna ka yi shaida, tunda kunnenka ɗaya yana aiki. A tsohuwar maƙabarta za ku sa ni. Layin gaba."

Pandu ya ce, "Baba, ruwa zai ɗauke ka."

Ka ce, "Ruwa ba shi da amalanke, ɗana. Kai ke da shi."

Liman ya fara gyaran murya, yana neman hanyar da zai bi ya hana. Sai matarka Mwanaheri ta yi magana daga bayan labule: "Malam, mutumin nan bai yi shiru ba yana da lafiya. Ku bar shi ya ƙarasa maganarsa."

Mun cika maka wasiyya. Da masu haƙa suka kai ƙasa, yashin da ke fitowa a jiƙe yake. Muna jera itace a kanka muna jin raƙuman ruwa suna bugun gaɓa a bayanmu, har sai da liman ya ɗaga murya kafin a ji addu'a. Babu wanda ya dubi ɗan'uwansa. Ban taɓa ganin jana'izar da aka watse da sauri irin taka ba.

A kwanakin zaman makoki ba a ga amalanke ko ɗaya a bakin ruwa ba. Yanzu wasu sun dawo. Sun ɗan matsa can ƙasa, suna ɗiba sun ba kabarinka baya. Na Pandu ne kawai ya sauya hanya: daga tudu yake gangarowa da duwatsu, yana jerawa tsakaninka da ruwa, shi kaɗai. Jiya kuma ya ɗauki ƙahonka. Busar ta fito kamar kukan saniya mai mura, amma ba wanda ya yi dariya. Ya ce majalisa za ta zauna ranar Juma'a bayan an sauko, a kan maganar yashi. Ya rataya ƙahon a kafaɗa, har na zaci ya gama. Sannan ya ce, "Kuma teku ta matso."

Ban san me za a yanke ba, Makame. Na san dai wata yana girma, kuma in ya cika ruwa zai cika tare da shi, ga iska ta juyo daga teku. Duwatsun Pandu ba su kai gwiwa ba. Bayanka akwai iyayenmu, bayansu akwai rijiyar gari, bayanta gidajenmu ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mwanaheri, da Pandu da ƙannensa, da jikokinka, da duk mutanen Mkandani. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yi maka bushara da taushin murya yadda ka saba yi wa bayinsa. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata shi, Ya kuma sa idan watan nan ya wuce mu je mu same shi a inda muka bar shi. Amin.

Jecha Shaame, Mkandani