Shekarar da Muka Yi Ta Zagin Sabon Shugaban Kamfanin Gem

Abubuwa da yawa na samartaka sun shige mini duhu, amma wata shekarar fari ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ita ce shekarar da mu samarin wata unguwa a Sabon Birni muka haɗa baki muka yi ta zagin mutumin da ba mu taɓa gani ba, don mu rufa asirin mutumin da muke ƙauna. Ina cikinsu, kuma bakina ya fi na kowa aiki.

A lokacin akwai wani shagon gem a bayan tasha. Shago dai a suna, don rumfar kwano ce da benci, da tsohuwar telebijin, da ɗan janareta mai yawan tari. Mai wurin muna ce masa Kawu, ko da yake bai isa ya haifi ko ɗayanmu ba. Manomi ne kamar iyayenmu, na'urar gem ɗin kuwa ya sayo ta a Maraɗi wata shekara da gero ya yi albarka. Ƙwallo kawai muke bugawa. Mun goge sunayen 'yan wasan mun sa namu, har mai tsaron gida ma abokinmu ne, wani dogo ɗan Turba mai sanyin magana, wanda a fili ko kaza ba ya iya kamawa, amma a telebijin sai ka yi da gaske kafin ka ci shi. Ni ne lamba tara, kuma ban taɓa bari wani ya manta da haka ba.

Damina ta zo ta yi mana rowa. Aka yi shuka ruwa ya ɗauke, gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. A kasuwar Bafarawa masu sayar da tumaki sun fi masu saye yawa. Mu da ba mu tafi cin rani ba, rumfar Kawu ce wurin da muke mantawa da sama na ɗan lokaci. Ko aljihunka babu komai ba ya korarka, sai dai ya miƙo maka hannun gem ya ce ka zo a ci ka kyauta.

Ana cikin haka aka faɗa a rediyo cewa shugaban kamfanin da ke ƙera irin na'urarmu ya sauka, an naɗa wani. Ka san mu Gobirawa da zancen sarauta. Nan take rumfa ta rabu biyu. Wasu suka ce tsohon ya gaji ne, wasu suka rantse tsige shi aka yi, har da mai cewa ai fadawansa ne suka ci amanarsa. Babu wanda ya san ko sunan mutumin da kyau, amma an yi jimaminsa kamar hakimin garinmu.

Bayan 'yan kwanaki Kawu ya kashe telebijin ana tsakiyar wasa, ya ce yana da magana.

"Sarki goma, zamani goma. An ce wanga sabon shugaba ba ya son tsohin kaya, za shi hana a buga su. Za ni saida na'urar ga tun tana da daraja."

Na ji kamar an zuba mini ruwan zafi. Ni mutum ne mai gardama tun ina ƙarami, mahaifiyata takan ce ko da bango aka bar ni sai na sami abin musu. Na ce masa wannan zancen shaci-faɗi ne, ta yaya mutum daga wata uwa duniya zai hana na'urar da ke Sabon Birni aiki? Kawu kuwa goge allon telebijin kawai yake yi da hannun riga. Abokai suka ɗora mini aikin nemo gaskiya, da niyyar in na dawo mu taru mu roƙe shi ya fasa.

Na ari babur na tafi Isa, wurin wani ɗan'uwana mai wayar da ke shiga intanet. Muka duba, muka sake dubawa. Canjin shugaba gaskiya ne, amma zancen hana tsofaffin na'urori babu shi ko kaɗan. Na juyo ina jin kaina kamar wanda ya ci zaɓe, ban ko tsaya gida ba, na zarce gidan Kawu da rana tsaka don in ba shi albishir.

Na yi sallama, matarsa ta amsa, na shiga tsakar gida kamar yadda na saba. Abin da na fara gani shi ne rumbu a buɗe, an sauke murfinsa an jingine, ko kaji ba sa kewaya gindinsa. Kusa da murhu ga tukunya cike da anza an jiƙa, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ba a waiwayarsu sai hatsi ya ƙare ƙaf. Ta yi sauri ta rufe tukunyar da faifai, amma gani ya riga ya kori ji.

"Mi yak kawo ka da ranag ga?" ta tambaye ni.

Na ce wurin Kawu na zo. Ta ce ya tafi Burkusuma ganin wani mai sayen na'urar daga Nijar. Na juya zan fita, sai ta kira ni a hankali.

"Ɗan nan, ka ga abin da kag gani. Ciki ba don tuwo ɗai anka yi shi ba."

A hanya na gane komai. Kawu ya fi ni sanin babu wanda zai hana na'urarsa aiki. Magidanci ne, kuma a wurinmu magidanci ya gwammace a ce masa wawa da a ce ya kasa ciyar da iyalinsa. Sabon shugaban nan inuwa ce ya samu ya fake. In na faɗi abin da na gano a gaban jama'a, na rushe masa ita: ko dai ya riƙe na'ura yaransa su ci gaba da cin anza, ko ya buɗe baki ya faɗi abin da ba ya faɗuwa. Tausayinsa ya kama ni har na kasa cin abinci.

Washegari rumfa ta cika, kowa na jirana. Kawu na zaune a gefe, bai yarda mun haɗa ido ba. Aka ce to lamba tara, me ka samo?

Na ce, "Kawu na da gaskiya. Abin ma ya hi yadda yac ce muni. Wanga mutum ba ya da imani."

Ɗan Turba ya dube ni ya daɗe, don ya san ni ba na janye magana ko da wuƙa a wuya. Sai ya gyara zama ya ce, "Ni dama tun da nij ji an naɗa shi gabana yaf faɗi."

Shi ke nan, aka buɗe fage. Wani ya ce daga ji mutumin bai taɓa riƙe hannun gem ba. Wani ya ce in ya kuskura ya zo Gobir ko ruwa ba za a ba shi ba, aka ce ai dama babu ruwan. Aka yi ta kewar tsohon shugaba, mutumin kirki, mai son talakawa, kamar mun taɓa cin tuwo da shi. Yanzu da na girma na tabbata rabin masu zagin sun gane abin da ake ciki, don rumbunan gidajensu ma haka suke. Ina kallon Kawu, kafaɗunsa suka sauka, har ya yi dariya ya ce mu ji tsoron Allah mu rage wa bawan Allah.

Ranar muka buga wasan ƙarshe har man janareta ya ƙare. An ci ni, kuma karon farko ban yi musu ba. Da safe aka naɗe na'urar a zane aka ɗaure a bayan babur. Da Kawu ya dawo da la'asar, buhunan gero ne a inda take. Muna zaune a rumfar, kowa ya sami abin kallo a wani gefen. Ɗan Turba ne kawai ya tashi ya kama masa, yana cewa, "Saƙon mutane anka ba ka, ko Kawu? Kawo in taya ka kai shi ciki." Kawu ya ce haka ne.

Ba a sake buɗe shagon ba. Muka watse, wasu kudu, wasu Nijar. Na buga gem iri-iri bayan nan, a telebijin masu faɗin ƙofa, amma ban sake jin daɗin da na ji a kan bencin nan ba, kuma har yau ina kewarsa.

Shekaru da yawa bayan haka na haɗu da Kawu a wani suna a Isa, gemunsa ya yi fari. Muka gaisa, muka tambayi iyali. Da zan tashi ya riƙe hannuna, ya rage murya.

"Lamba tara, wancan bawan Allah da munka zaga, kana ganin ya yahe muna?"

Na ce ina sa rai. Ya jinjina kai, bai saki hannuna da wuri ba. Iyakar godiyar da ya yi mini ke nan, kuma ta ishe ni.

Abin da na koya shi ne, ba kowace gaskiya ce ake shiga da ita taro ba. In ka ga mutumin kirki ya kafa hujjar da ba ta tsaya da ƙafafunta ba, kafin ka ture ta, leƙa ka ga abin da ya ɓoye a bayanta. Wani lokaci mutuncinsa ne gaba ɗaya.