Ubansu Yana Qatar

A wani tsohon gida muke kwana a unguwar Al Asmakh da ke Qatar, a ɗaki mai gadaje hawa biyu. Ina sama, wani dattijo ɗan wajen Malumfashi yana ƙasa. Baba muke ce masa. Ni gadi nake yi a wani dogon bene a West Bay, shi kuma wankin motoci yake yi a ƙarƙashin benen, inda ake ajiye su. Rana ba ta ganinsa sai ranar hutu.

Ranar hutun kuwa muna da wata ɗabi'a, kuma duk wanda ya ce bai taɓa yi ba, sharara ta yake yi. Da an sauko daga Juma'a sai mu nufi Mushairib cikin fararen jallabiyoyi, mu sami mota mai sheƙi a bakin titi, mu ɗauki juna hoto mu tura gida. Ba burga ce zalla ba. Wa zai tura wa iyalinsa hoton bokiti da tsumma? Baba ya fi kowa iya tsayuwa. Yakan dafa motar mutane ya ɗaga haɓa, mu kuwa mu yi ta tsokanarsa: "Alhaji, a rage mana hanya mana!"

A gida ya bar mata da 'ya'ya, babban yana ajin ƙarshe a sakandare. Albashin Baba da ƙyar yake kai su ƙarshen wata. Abin da ya riƙe yaran a makaranta shi ne tallafin da gwamnati take bai wa iyalai marasa ƙarfi, uwarsu ce take karɓa muddin suna zuwa aji. Da shi aka sa ran biya wa babban kuɗin jarrabawar fita. Baba ba shi da zance sai na jarrabawar nan, har mun haddace.

Sai aka zo sake tantance gidajen da ke karɓar tallafin. A garinsu mutanen unguwa ake tarawa su faɗi wanda ya cancanta. Ranar taron wani ya ɗaga wayarsa ya nuna hoton Baba.

Ina kwance a sama da yamma matarsa ta kira. Baba bai iya waya a hankali ba, sai ya ƙure muryar wayar, don haka na ji komai.

"Malam, sun cire mu. Wai uban yara yana Qatar, har da mota."

"Ba ki gaya musu wanki nake yi ba?"

"A gaban jama'a? Ni ce zan tona maka asiri?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na rasa wanda zan zaga. Mai nuna hoton bai ƙirƙiri komai ba, abin da muka tura ya nuna. Na ce wa Baba ya kira mai unguwarsu ya faɗa masa gaskiya. Ya girgiza kai.

"Khalas, shi ke nan, ɗana. An riga an tashi taro."

Daga nan ya shiga karɓar aikin wasu a ranar hutunsa. Ya daina cin abincin rana, ya ce wai ciki ke damunsa. Hannayensa duk suka tsattsage saboda sabulu. Watanni ya yi a haka kafin kuɗin jarrabawar ya haɗu, ranar kuwa har shayi ya saya mana. Ya zauna a bakin gado ya kira yaron don ya yi masa albishir.

Yaron bai bari ya gama ba.

"Baba, kada ka wahalar da kanka. Ai na daina zuwa tuntuni, na hana Inna ta gaya maka. Na faɗa wa malamanmu biza za ka turo mini, tunda har mota ka yi."

"Wace biza? Gobe ka koma makaranta!"

"An rufe rajista, Baba." Yana dariya, da murnarsa. "Yaushe zan taho?"

Na leƙo daga sama ina jira ya faɗa masa gaskiya. Ya kife wayar a kan katifa, ya juya fuskarsa ga bango. Mutum sa'an ubana yana kuka a ƙarƙashina, yaron kuma yana ta "Baba? Baba, kana ji na?"