Kuka a Lagireto

Har yau ban manta da ranar da na sauya lagireto a ƙofar gidana a Gaya ba. Ku sababbin direbobi, ku saurara.

A lokacin ina tuƙa a-kori-kurar wata ƙungiyar manoma. Aikina in kwaso kaya daga gona in kai kasuwa. Shugaba, Alhaji Ubale, shi ke ba da umarni, ni kuwa sitiyari kawai na sani.

Lagireto shi ne tankin ruwan da ke gaban inji, mai sanyaya shi. Namu ya fara yoyo tun ƙarshen damina. Shugaba ya sayo sabo ya ba ni, na jingine shi a zaure. Na ga ɓata lokaci ne. Kullum da safe sai in zuba cokali biyu na garin kuka a cikin tsohon, yadda na ga manya suna yi. Kuka ta yi kauri, ta toshe ramin, in wuce. Wata uku ina haka.

Ranar wata Laraba, lokacin tumatirin rani, na tayar da mota da safe, sai ruwa ya tsiyaye ƙasa gaba ɗaya. Ramin ya fi ƙarfin kuka. Ga shi Malam Buba na Toranke ya tsinke tumatirinsa tun jiya, kwando goma sha biyu, yana jirana da hantsi. Tumatir ba ya jiran mutum. In rana ta dake shi, ya tafi.

Ban nemi makanike ba. Na buɗe bonet, na kwance tiyon sama da na ƙasa, na cire notuna huɗu, na zare tsohon. Na zura sabon, na ɗaure, na cika shi da ruwa. Na tayar. Ko minti goma ba a yi ba allurar zafi ta haura ja. Na kashe.

Matata Hajara ta fito da bokiti. Ta tsaya tana kallon abin da ya zubo daga tsohon tiyo, kore, yana yauƙi.

Ta ce, "Malam, ashe nan kukata take tafiya? Ni ina ta zargin ɓera."

Na sunkuya ina duba tiyon.

Ta ce, "Saura daddawa da barkono, sai a tuƙa mata tuwo. Ka wanke cikin injin kuwa kafin ka sa sabon?"

Na ce, "Ke me kika sani a mota?"

"A mota ba komai. Amma kuka na san ta. In ta kwana a tukunya, ruwan sanyi ba ya fitar da ita."

Gaskiyarta. Kukar wata uku tana kwance a cikin inji, ta taso ta toshe sabon lagireto. Na sake kwance shi. Hajara ta ɗora babbar tukunya. Da inji ya huce, muka yi ta ɗura masa ruwan zafi ta sama yana fita ta ƙasa, har ya fito fari tas. Haka muka yi wa lagireton. Na mayar, na cika, na bar murfin a buɗe iska ta fita. Allura ta tsaya a tsakiya.

Sai bayan azahar na isa Toranke. Malam Buba yana zaune a gindin mangwaro. Ya rufe kwanduna da ganye, amma biyu na gefe sun riga sun yi laushi.

Ya ce, "Direba, lafiya?"

Na ce, "Laifina ne, Baba. Na ƙi gyara a kan lokaci."

Ya ce, "To. Ɗauki goman mu tafi."

Na ɗauki har biyun da suka yi laushi, na kai su gida. Hajara ta yanka su, ta shanya a kan rufi. Bayan mako guda na kai masa kauɗarsa, na ba shi labarin kukar. Ya auna ta a hannu ya ce, "Ka gaida mai kukar."

Shugaba ma na faɗa masa da bakina. Ya ce kada in sake. Ban sake ba.

Abin da na koya shi ne, motar kaya ba taka ba ce kai kaɗai. Duk gyaran da ka ɗage, gumin wani ne yake jira a rana. In lagireto ya yi yoyo, ku sauya shi, ku wanke inji tukuna. Kuka kuma ku bar wa masu miya.