Falalu Mai Kunnen Inji

A layinsu na Hotoro kowa ya san Falalu da hannunsa: baƙin giris ya zauna masa a ƙarƙashin farce, ko da sallah ba ya fita. Daga wani ƙauye kusa da Ringim ya zo Kano a 1972, ya sami aikin share ɓurɓushin auduga a wata masaƙa a Bompai. Shugaban makanikan wurin, Malam Ashafa, ya lura da saurayin da ke tsayawa da tsintsiya yana karkata kai kamar mai sauraron kiran salla daga nesa. Ya ƙwace tsintsiyar ya miƙa masa sifana.

Shekara goma sha biyu suka yi tare. Inji ɗari biyu na ruri, Falalu zai ratsa tsakiyarsu ya dafa guda ya ce, "Wannan ba shi da lafiya." A buɗe kuwa a tarar.

A 1984 auduga ta yi wuya, kayan gyara suka daina shigowa, aka rufe masaƙar. Falalu ya yi intabiyu biyu a Sharada, duka aka ce a yi haƙuri. Ya yanke wa kansa wa'adi: in ruwan farko ya sauka bai sami aiki ba, zai kwashe iyali su koma gona, 'ya'yansa uku su bar makarantar da ya yi ta alfahari da ita.

Ƙanwarsa Hauwa, wadda shi ya ɗauki nauyin karatunta, tana buga tafireta a ofishin ɗaukar ma'aikata na wata masaƙa a Challawa. Da aka buɗe gurbin makanike guda, ita ta rubuta masa takardar nema. Ranar Lahadi ta zo gida, ta ajiye kujera a tsakar gida don ta gwada masa yadda ake intabiyu.

"Yaya, shigo. Ni ce manaja."

Falalu ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Ka faɗi tun daga ƙofa," in ji Hauwa. "Haka ka yi a Sharada?"

"To da takalmi zan taka musu kafet?"

"Da shi. Ka zauna a kujera, ka dube su a ido. Ka iya gyaran injin saƙa?"

"Ana dai taɓawa."

"Wa ke taɓawa? Aljanu? Yaya, fom ne a gabansu mai gida-gida, ni ke buga shi. Akwai gidan da aka rubuta amincewa da kai. Ka sunkuyar da kai, su sa maka sifili. Cewa za ka yi: ni na iya, ni na gyara."

"Mutum ya yabi kansa da bakinsa? Ke boko ya cinye miki kunya."

"Kai ka biya kuɗin bokon."

Matarsa Zaituna ta tuntsure da dariya daga bakin murhu. Amma Falalu ya yi. Mako biyu yana tsayawa gaban madubin aski yana cewa "ni na gyara", maganar tana masa ɗaci kamar ya tauna ɗanyen gauta.

Ranar intabiyu ya ari kwat, ya shiga da takalminsa yadda aka koya masa. Mutum uku ne bayan tebur: manaja Lawal, wani injiniya Ba'indiye, sai na ukun da aka kira a ƙurarren lokaci don tambayoyin inji. Malam Ashafa ne. Masaƙar ta ɗauke shi wata biyu da suka wuce.

Falalu bai san lokacin da gwiwarsa ta kai ƙasa ba.

"Ranku ya daɗe. Mun same ku lafiya?"

"Tashi ka zauna," in ji Lawal, yana duban agogo.

Falalu ya ɗosana a gefen kujera. Ido ya ƙi ɗaguwa. Ta yaya zai ƙura wa mutumin da ya raɗa wa ɗansa na fari suna ido?

Lawal ya ɗaga takardar. "An rubuta a nan cewa a 1979 inji arba'in sun tsaya mako uku, injiniyan da aka kawo daga Turai ya kasa, kai ka tashe su. Haka ne?"

Haka ne. Kwana huɗu Falalu ya yi yana saurare kafin ya gano cewa sandar da ke juya layin injunan ce ta ɗan karkace. Amma a wancan lokacin Malam ne shugaba, shi aka kira gaban ma'aikata aka ba agogon bango, Falalu ma ya tafa har tafinsa ya yi ja. Agogon na nan rataye a zauren Malam. Yanzu ya buɗe baki ya sauke shi?

Falalu ya haɗiye kalmomin da ya haddace.

"Aikin Malam ne," ya ce a hankali. "Ni sifana na riƙe."

Lawal ya juya. "Malam Ashafa, kun san shi. Me za ku ce?"

Tsohon ya gyara hula. A wurinsu mutum ba ya yabon nasa a gaban idonsa, balle a gaban baƙi. Sai a ce son kai ne, ko baki ya kama yaron.

"To," ya ce, "yana da ladabi. Ba a taɓa jin kansa da kowa ba."

Ba'indiyen ya ɗan jira ko da ƙari. Babu. Lawal ya ja biro a kan takardar.

Hauwa ce ta buga wasiƙar ba shi haƙuri da hannunta, ta kawo ta gida ba ta bari a sa a gidan waya ba. Ta ce an rubuta a fom cewa abin da ke takardar nemansa bai tabbata ba. Wani mai satifiket daga makarantar fasaha aka ɗauka, wanda ya ce babu injin da ya gagare shi.

"Da na sani da ban rubuta zancen arba'in ɗin ba, Yaya."

"Ai gaskiya kika rubuta," ya ce.

Ruwan farko ya sauka a ƙarshen Mayu. Kafin su ɗaure kaya, Falalu ya je Challawa yi wa Malam sallama. Tsohon ya fito bakin get, suka tsaya jikin katanga, rurin injuna na ratsowa.

"Me ya hana ka faɗa, Falalu? Ai da ka faɗa, da na ce haka ne."

"A gabanku, Malam?"

Malam Ashafa ya dubi ƙasa. Falalu ma yana da tasa tambayar, ta abin da ya hana shi Malam ɗin faɗa, amma ba a yi wa babba irinta.

Can Falalu ya karkata kai, ya kasa kunne.

"Malam, akwai wani inji ta ɓangaren yamma, kusa da taga. Bel ɗinsa ya kusa tsinkewa."

"Zan sa a duba."

Falalu ya durƙusa ya yi sallama, ya nufi titi neman motar da za ta kwashe musu kaya.