Galmar da Ta Sauko a Safana

Mu 'yan hoto ne, ni da Yayana, a Wagini aka yanke mana cibiya. In na ce hoto yaran yanzu sai su yi sororo, to rawa ce ta manoma, da galma ake yin ta. Galmar huɗa ta gaske nake nufi, mai faɗin baki, wadda ƙato ke ɗauka da hannu biyu. Ana kiɗa kana rawa da ita, sai ka wurga ta sama, ta juya, ta sauko, ka tare ta da ƙirji ko kafaɗa, ka ci gaba da taka rawarka ko gezau. Abin da ubanmu ya ci da mu ke nan, shi ma a hannun nasa uban ya gada.

Lokacin Turawa ba su zo ba, Sarkin Katsina na kai gaisuwa Sakkwato, malamai kuma sun sa kiɗa a gaba. A manyan garuruwa mai ganga sai ya ɓoye ta cikin riga. Gangar noma kaɗai aka ɗaga wa ƙafa, wai don tana sa ƙato ya yi huɗa. To a jikinta muka raɓe. Da damina gayya, da kaka kalankuwa, wani lokaci bikin gidan sarkin noma. A ba mu damin gero, a liƙa mana kuɗin wuri a goshi, in an yi dace a yafa wa mutum tsohuwar riga. Gonarmu ta gado tsakuwa ce zalla a gindin dutse, ba ta taɓa kai mu ƙarshen rani ba.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, ba a gayyatar ɗan rawa. Makaɗi ake gayyata. Shi sarkin noma ke aika wa goro, shi ke zaɓar wanda zai tafi da shi, shi ke karɓar abin da aka samu ya raba. Ko ka fi kowa iya taku a ƙasar Katsina, in ba ka da makaɗi, zauna gida ka yi wa awaki rawa.

Namu makaɗin tsoho ne, Baba muke ce masa, tun ubanmu yake yi wa kiɗa. Shi ya sa aka san gidanmu da abu guda: ba mu ɗaga kai. Mu wurga galma sama, ido na kan 'yan kallo, baki na murmushi, ta sauko ta same mu a shirye. Mutane su ce magani ne. Layu kam muna da su fal a damtse, ban kuma raina su ba, amma gaskiyar magana kunne ne. Baba ke kallon galmar a madadinmu. Da ta kai iyakarta ta juyo, sai ya ɗora wa fatar gangar mari guda da tafin hagu, busasshe, daban da sauran kiɗan. Daga wannan mari zuwa saukarta ƙafa ta san nisan. Sai ka goce kaɗan, ka tare ta ta gefen ƙota, ka saki jiki. Yaya ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba, kuma tun yana yaro bai taɓa taka gangar wani ba sai ta Baba.

Shekarar da nake magana, mahara daga wajen Maraɗi suka tare Baba a hanyar Karare. Aka tsinci takalminsa guda. Shi da jakinsa da gangarsa, har yau ba labari. A wannan shekarar kuma ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai. Rumbunmu ko ɓera ya shiga sai ya fito da ƙorafi. Ga tsohuwarmu, ga matar Yaya da 'ya'yanta, ga tawa matar da ciki. Kaka ta kama a inda aka samu ruwa, ana ta aika goro, mu kuwa muna zaune muna kallon juna. In kaka ta wuce ba mu samu makaɗi ba, babu abin da zai kai gidanmu damina.

Muka ɗauki galmominmu muka shiga bin kasuwanni, don a nan ake neman aiki. Bayan la'asar, kasuwa ta fara watsewa, makaɗa kan taru a gefe wajen rumfunan mahauta su yi kiɗa kyauta, 'yan aiken sarakunan noma na tsaye suna duba wanda za a kai wa goro. Ɗan rawan da ba shi da makaɗi sai ya je ya ajiye galmarsa gaban mai ganga, ƙota na fuskantarsa, ya tsuguna. Ba a magana. Wanda ya buɗe baki kafin a gwada shi ya zama maroƙi, an gama da shi. In makaɗi ya ture galmar da ƙafa, ka shiga fili. In ya yi kamar bai gan ka ba, ka tsuguna har ƙafarka ta yi tsami, ka ɗauki kayanka ka san inda dare ya yi maka.

A Batsari ƙafarmu ta yi tsami. Makaɗin can 'ya'yansa ne ke masa rawa, wa zai ɗauki bare ya bar na gida? A Karare muka iske makaɗin da muka je dominsa ya tuba. Wani malami ya yi masa wa'azi, ya farke gangarsa da wuƙa, yana zaune yana tufkar igiya. Ya ce mu ma mu ji tsoron Allah. Yaya ya ce masa muna ji, yunwa ce dai ta fi kusa. A nan muka ji labarin wani makaɗi a Safana, inda damina ta yi kyau, goro ya yi masa yawa, ɗan rawansa guda kuma ya bi ayarin fatake. Gurbin mutum ɗaya ne.

A hanya na kasa haƙuri. Na ce, "Yaya, mutumen ga bai san marin Baba ba. Na diba 'yan rawan Batsari, duk suna satar kallon sama. In ka wurga, ka ɗaga kai."

Ya tsaya ya kalle ni kamar na zagi ubanmu. Ya ce, "Waɗancan kaji ne masu shan ruwa. Ni in ɗaga kai? To mi za ni nuna mai da bai taɓa gani ba? Kai dai yi shiru. Makaɗi makaɗi ne, duk inda yake shina kallon galma."

A nan kuskuren yake, kuma ba girman kai kaɗai ba ne. Yaya ya ɗauka haka ake kiɗan hoto a duk duniya, kamar yadda ake sallama kafin a shiga gida. Tambaya kuma al'ada ta hana. Na ƙyale shi, don ƙane ba ya koya wa wa rawa.

Makaɗin Safana saurayi ne kakkaura, da riga mai aska, da sanƙira a gefensa mai yi wa 'yan rawa kirari da murya kamar ta jaki. Muka ajiye galmomi muka tsuguna. Ya daɗe yana kiɗansa, sannan ya miƙa ƙafa ya ture ta Yaya.

Wallahi ban taɓa ganin Yaya ya yi rawa irin ta ranar ba. Yunwa ta rage masa nauyi, ƙafarsa kamar ba ta taɓa ƙasa. Masu naɗe tabarma suka bari, mahauta suka fito da wuƙaƙe a hannu. Ya wurga galmar ƙasa-ƙasa ya cafe, ya sake, ya cafe. Sannan ya ja baya, ya tattara ƙarfinsa, ya aika ta sama har sai da mata suka yi salati. Ni ina tsugune, idona na kan makaɗin. Ba galmar yake kallo ba, 'yan aiken sarakunan noma yake kallo, yana yi musu fara'a. Yaya na ta taku, yana murmushi, ya karkata kunne yana jira. Na yi ihu, ganga ta haɗiye muryata.

Bakin galmar ya same shi tsakanin wuya da kafaɗar dama. Na ji ƙarar, irin ta sara a ɗanyen icce. Gangar ma ba ta tsaya nan take ba, sai da mai ita ya ga mutane na darewa. Na ji wani a bayana yana cewa, "Maganinai ya karye." Mahauta suka ja shi gefe, wani dattijo a cikinsu ya danne raunin da rawaninsa. Wani ya watsa yashi a kan jinin.

Ban tashi daga tsugunen ba. Sai na ga ƙafar makaɗin ta ture tawa galmar. Ya ce, "Kai hwa?"

Na so in rotsa masa kai da ita, wannan gaskiya ne. Na waiga wajen Yaya. Idonsa a buɗe, leɓensa ya yi fari fat. Ya ce, "Shiga." Na yi kamar ban ji ba. Ya ce, "Shiga, don ubanka, mi za su ci?"

Na shiga. Na taka a kan yashin nan, yana manne mini a tafin ƙafa. Na wurga, na ɗaga kai kamar kowa, na tare. Makaɗin ya ɓare goro ya miƙo mini ɓari. An ɗauke ni ke nan.

Na bar Yaya a gidan wani maɗori a Safana, washegari na bi ganga. Allah ya yi da sauran kwanansa, raunin ya haɗe, amma hannun ya mutu. Ya shanye ya rataye a jikinsa, ko ludayi ba ya riƙewa. Maƙwabtanmu suka kai shi gida a kan jaki.

A ƙauye na farko da muka sauka, ina shirin shiga fili sai na ji sanƙira ya kwarma, "Ga ƙanen wanda galma ta ci a Sahwana! Jinin wansa bai bushe ba ya shiga! Ku matso ku gani, ko yau ta biyu ce!" Fili ya cika har kan katanga. Da aka tashi na je na samu makaɗin, na ce a canza mini kirari. Ya yi dariya ya ce, "Rawarka ba ta kai rabin ta wanka ba, kai ma ka sani. Mutanen ga ba rawa suka zo gani ba, sun zo su ga ko za ta hwaɗa maka. In ba ka so, ga hanya nan." Na tsane shi, kuma gaskiya ya faɗa. Na haɗiye. Duk damin da ya shiga gidanmu a kakar nan da wannan kirarin ya shiga, ban kuma gaya wa kowa a gida ba.

Wajen ƙarshen kaka sarkin noman Karare ya aiko da goro. Shi kaɗai ke da fadama a yankinmu, shi kaɗai ya samu abin yin kalankuwa. Karare da Wagini kuwa ko tari ka yi a nan an ji a can. Na san Yaya zai zo. Na roƙi sanƙira, na haɗa shi da Allah da iyayensa, yau ɗaya ya rufa mini asiri. Ya ji kunya ya yarda.

Yaya ya zo, ya zauna a gaba cikin dattawa, ya rame, ya lulluɓe kafaɗar da riga. Aka fara kiɗa, sanƙira ya kira ni da 'yan kalmomin da ake yi wa kowa. Na yi iya yina. Amma mutanen nan sun saba ganin rawar Yaya, me zan nuna musu? Na wurga, na ɗaga kai, na tare, ko guɗa babu. Wasu suka fara hirarsu. Sarkin noma ya yi hamma. Makaɗin ya watso mini wani kallo, na gane cewa daga yau zai nemi wani.

Sai Yaya ya miƙe. Ashe labarin kirarin ya daɗe da zuwa kunnensa. Ya kama wuyan rigarsa da hannun hagu yana ja, ta maƙale a kai, ya yi ta fama, ba wanda ya iya tashi ya taimake shi. Da ta fita ya yar, ya shigo fili. Tabon ya kwanta daga wuya zuwa ƙirji, hannun na lilo. Ya ɗaga murya da kansa, "Ga wanda galma ta ci a Sahwana! Ga ƙanena nan, ku diba ko yau ta biyu ce!" Ya bi da'irar a hankali, yana tsayawa gaban kowane rukuni su gani da kyau. Mata suka sa salati, wata tsohuwa ta fashe da kuka, kuɗin wuri ya fara zuba. Makaɗin ya ƙara wa gangar wuta. Na wurga galmar ina kuka, da ƙyar na ga saukowarta.

Da aka watse, rana ta yi ja, makaɗin ya yafito Yaya. Ya ce, "Jibi muna Batsari. Ka taho, kuma ka samu riga mai saurin cirewa." Ya ɓare goro ya miƙa masa. Yaya, wanda a da sarakunan noma ke tashi tsaye in ya shiga fili, ya durƙusa ya karɓa da hannun hagu ya ce, "Na gode, Allah shi ƙara girma."

Muka kama hanyar Wagini, ni da dami a ka, shi a gaba. Muka yi ta tafiya har muka hango dutsen garinmu. Ya ce, ba tare da ya waigo ba, "Ka gani, ƙane? Ashe dai ya ɗauke ni." Sannan ya tsaya a gefen hanya. "Aje kayan ga ka ɗaure man mazagin wando, ya kwance."