Lambun Gwaggo a Cikin Buhuna

Gwaggona, yayar mahaifina, shekara ashirin da shida ta yi tana girki a wata makarantar kwana, har gwiwoyinta suka ce sun gaji. Ta bar aiki da tabon ƙuna a hannuwa da bakin da ba ya shakkar kowa. A shekarar ne likita ya ce mijinta na da ciwon sukari, sai ya yawaita cin ganye. Ganye kuwa a unguwarmu sai ka hau mota zuwa babbar kasuwa, ka dawo da alayyafon da ya yi yaushi, ga tsada kamar magani.

Bayan layinmu akwai wani fili da kowa ke zuba shara. Gwaggo ta ɗauki cebur da manjagara ta shiga. Wata biyar tana tsince leda da fasassun kwalabe, muna mata dariya, har da ni, Allah ya yafe mini. Wurin duk tsakuwa ne, don haka ta riƙa bi gida-gida tana karɓar ɓawon kayan miya da toka da kashin kaji, tana binnewa har suka zama baƙar ƙasa mai laushi. Ta shuka alayyafo, kuɓewa, latas da tumatir. Mai ɗan hali ya saya da araha, marar hali ya kawo bokitin ruwa ya tsinki na miyarsa. Jikin mijinta ya yi sauƙi.

Sai ga mai filin. Shekara da shekaru wurin na wari ba mu ga ƙeyarsa ba, amma da ya yi kore shar, ya iso da mota da takarda.

“Mama, kwana bakwai na ba ki. Shaguna zan gina.”

“Filin naka ne, ɗana, ban musa ba,” in ji Gwaggo. “Amma ƙasar da ke samansa tawa ce. Da hannun nan na yi ta.”

Ya yi dariya ya shiga motarsa. Ni kam kuka na yi, don takaici. Gwaggo ta harare ni ta ce in share majina in nemo mata buhunan siminti.

Kwana shida matan layinmu suna kwasar ƙasa. Kowane buhu a huda masa gindi, a cika shi, a dasa shuka da saiwarta, a tura a baro zuwa ƙofar wani gida. Tela ya karɓi uku, mai gyaran babur biyu, mu da ke bene muka jera namu a matakala. Tumatir da yawa bai jure ba, ya mutu, kuma ranar na ga Gwaggo ta juya baya tana goge ido. Sauran sun kama.

Yanzu shagunan sun tashi. Kullum da safe Gwaggo na dogara sanda tana bin layi, tana tura yatsa cikin kowane buhu, tana yi wa duk wanda ya bar nasa ya bushe faɗa. Na ce ta tausaya wa gwiwoyinta ta huta.

“In huta?” ta ce. “Da can mutum ɗaya ya kore ni da takarda ɗaya. Yanzu mai son korata sai ya ƙwanƙwasa ƙofa arba'in.”