Takalman Surukina

Gyaran rediyo nake yi a Zinder, kusa da babbar kasuwa, kuma tsarin aikina ba ya canjawa. Da farko in duba wayar wuta, sannan filogi, sannan cikin na'ura.

Mijin 'yata ta fari makaɗin jita ne, yana bin wata ƙungiya gidajen biki. Yana da tsohon amfili, na'urar ƙara sautin jita, irin mai kwalabe a ciki, waɗanda sai sun yi zafi suke ba da sauti. Wata rana ya kawo shi, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa kamar yadda ya saba, ya durƙusa ya gaishe ni.

"Baba, ƙugi yake yi a wurin biki. Shugabanmu ya ce in bai daina ba zai nemi wani."

Na canja wayar jita. Na ƙwanƙwasa kwalaben ɗaya bayan ɗaya da sandar alƙalami, babu wadda ta yi ƙara. Na goge ƙafafunsu, na mayar. Sannan na ce ya kaɗa. Da ƙugi kaɗan, amma yana ɗora yatsu a kan tsirkiya sai ya ɗauke.

Bayan wani biki da suka yi a Mirriya ya dawo da amfilin, wai ƙugin yana nan. Na canja kondansa, ɗan abin da ke tace wuta a cikin na'ura, ya kaɗa, shiru. Da ya sake dawowa sai na yi masa faɗa a gaban maƙwabtana masu shago. Na ce na'ura lafiyarta lau, hannunsa ne bai ƙware ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba."

Washegari 'yata ta zo gida. Sai da ta gama gaisuwa ta ce, "Baba, duk ranar da ya kaɗa a shagonka, wuta tana jansa har kafaɗa. Na ce ya faɗa maka, ya ce da wane baki."

Ban iya dubanta ba. Kowace safiya ina yayyafa wa daɓen shagona ruwa. Shi kuwa ba ya taka shi da takalmi, saboda ni. Amfilin ba shi da wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta kuɓuce cikin ƙasa, sai wutar da ke yoyo ta bi tsirkiya, ta bi jikinsa, ta sauka ta tafin ƙafarsa. Abin da ke kashe ƙugin ke nan. A wurin biki yana sanye da takalmi, a kan katako. Ni kuma ina tsaye a gabansa ina cewa ya ƙara kaɗawa.

Na cire abin da ke yoyon, na sa waya ta uku, wato wayar ƙasa, na yanka masa ƙarfen da zai riƙa kafawa a ƙasa duk inda suka je. Ƙugi ya tafi, ba a kore shi ba.

Ranar da ya zo karɓa na ce, "Daga yau ka riƙa shigowa da takalmanka."

Ya ce, "To, Baba," ya tuɓe su a bakin ƙofa.

Sai na sayi tabarmar roba mai kauri, na shimfiɗa a inda yake tsayawa.